Shataletale: Tarihinsa, Yadda Ake Gina Shi, da Dalilin da Ya Sa Yake Rage Mace-mace a Mararrabar Hanya



A wajen wani suna da muka halarta kwanakin baya, wani ɗan uwa ya tare ni da ƙorafi tun kafin in zauna. Ya ce, "Injiniya, ku dai ba kwa rasa abin tonawa. Danjar da ke kusa da makarantar yaranmu lafiyarta ƙalau, amma hukuma ta cire ta wai za a yi shataletale." Kafin in ba shi amsa, wata 'yar uwa ta ce ita ma shataletale ne ya kayar da ita jarrabawar lasin tuƙi har sau biyu. Ganin yadda maganar ta ɗauki hankalin jama'a ya sa na ga ya dace in rubuta ɗan abin da na sani, domin aikin hanya shi na zo karantawa a jami'a a nan Ingila a shekarun 1990, kuma shi nake yi har yau. Maganar ta shafi kowane gida, tunda da wuya a samu iyalin da ba sa ratsa mararraba safe da yamma da yara a bayan mota.

Mene ne shataletale?

Shataletale, wanda wasu ke kira randabawul, mahaɗar hanyoyi ce da aka sa tsibiri a tsakiyarta, motoci suna kewaya shi ta fuska ɗaya har kowa ya kai hanyar da zai fita. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun fi saninsa da sunansa na Faransanci, wato rond-point. A Saudiyya dawwar ake cewa, a Sudan kuma siniyya, wato faranti.

Sai dai ba kowane da'ira a tsakiyar titi ne shataletale na zamani ba. A wurinmu injiniyoyi sai ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, wanda ke cikin da'irar shi ke da hanya, mai shigowa shi ne zai jira. Na biyu, an lanƙwasa bakin kowace mashiga ta yadda ba mai iya shiga a miƙe da gudu. Na uku, girman da'irar bai wuce kima ba, domin idan ta yi faɗi da yawa direba zai ci gaba da taka totur a cikinta. Idan aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, to an dai yi ado a tsakiyar titi, amma haɗarin yana nan.

Taƙaitaccen tarihi

A 1905 aka fara sa motoci kewaya dandalin Columbus Circle na birnin Niyok ta fuska ɗaya, bisa tsarin wani Ba'amurke mai suna William Phelps Eno. A 1907 Faransa ta yi haka a dandalin Etoile na birnin Paris, inda manyan tituna 12 suka haɗu, bisa shawarar Eugène Hénard. A Ingila kuma garin Letchworth ne ya fara samun nasa wajejen 1909.

Waɗannan na farko suna da babban aibi: a yawancinsu mai shigowa ne ke da hanya, na ciki ya tsaya masa. Da motoci suka yi yawa sai da'irar ta riƙa cika ta cushe, na ciki ba ya iya fita, na waje kuma bai daina shigowa ba. Maganin da aka fara gwadawa shi ne ƙara musu faɗi, amma faɗin sai ya jawo gudu, gudun ya jawo munanan haɗurra. Wannan ne ya sa Amurkawa suka juya musu baya tun wajejen shekarun 1950.

Gyaran daga Birtaniya ya fito. A watan Nuwamba na 1966 aka mai da shi doka a ƙasar baki ɗaya cewa mai shigowa ya ba na ciki hanya. Wannan ɗan sauyi shi ne ya haifi shataletalen zamani. Wani injiniya na cibiyar binciken hanyoyi ta gwamnatin Birtaniya, Frank Blackmore, ya nuna cewa da wannan doka ƙaramar da'ira ma tana iya ɗaukar motoci masu yawa. Shi ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin shataletalen nan da ake shafa wa farin fenti a tsakiyar titi, wanda aka fara sawa a Peterborough a 1968. Shi ne kuma ya tsara na garin Swindon da aka buɗe a 1972, mai ƙananan shataletale biyar kewaye da guda ɗaya, wanda har yau yake rikita baƙi.

Faransa ta karɓi tsarin ba na ciki hanya a 1984, kuma yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan shataletale a duniya. Amurka sai a 1990 ta gina na zamani na farko, a unguwar Summerlin ta Las Vegas. Daga baya garin Carmel na jihar Indiana ya yi fice, inda a zamanin magajin garinsa James Brainard, wanda ya hau mulki a 1996, aka yi ta cire danja har garin ya mallaki shataletale fiye da 150.

Me ya sa mararraba take cin rai?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen hanya, da kusan rabin raunuka, a mahaɗar hanyoyi suke aukuwa. Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko shi ne yawan wuraren karo. Mai karatu ya ɗauki takarda ya zana tituna biyu da suka gicciye juna, sa'annan ya ja layin duk inda kowace mota za ta iya bi: miƙewa, kwanar dama, kwanar hagu. Zai samu wurare 32 da hanyar wata mota ke haɗuwa da ta wata. A 16 daga ciki gicciye juna suke yi, a 8 suna shiga layi ɗaya, a 8 suna rabuwa. Idan aka mai da wannan mahaɗa shataletale mai layi ɗaya, wuraren sun koma 8 kacal, kuma babu na gicciye ko ɗaya.

Na biyu shi ne inda ake bugun motar. Gaban mota yana da inji da ƙarafan da aka ƙera domin su lotse su shanye bugu. Gefenta kuwa ƙofa ce kawai tsakanin fasinja da motar da ta taho, kuma a jikin wannan ƙofa yaranmu suke zama. A mararraba ana yin taho-mu-gama, ana kuma soke mota a tsakiyar ciki. A shataletale kowa fuska ɗaya ya nufa, saboda haka yawancin karon gogar gefe ne ko bugun baya.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne gudu. Ƙarfin bugu ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninki huɗu yake yi. Bari in kawo misalin da nake ba ɗalibai masu zuwa koyon aiki wurinmu. Karo a gudun kilomita 30 a awa kamar faɗowa ne daga tsayin mita uku da rabi. A gudun 50, kamar daga mita 10 ne, wato wajen hawa uku na bene. A gudun 80 kuwa, kamar daga mita 25 ne, wajen hawa takwas. Shataletalen da aka tsara da kyau yana tilasta wa direba ya sauko zuwa tsakanin kilomita 25 da 40 a awa.

A nan ne bambancinsa da danja yake. Danja umarni take bayarwa, kuma mai gaggawa ko mai duba waya ko mai barci yana iya ƙetare ta da cikakken gudu. Wasu ma da sun hango ruwan ɗorawa sai su ƙara wuta. Lanƙwasar titi kuwa ba a yi mata gardama. Ko direba ya so ko bai so ba, sai ya taka birki.

Abin da bincike ya nuna

A 2001 cibiyar binciken haɗurran hanya ta kamfanonin inshora na Amurka ta fitar da sakamakon nazarin mahaɗa 24 da aka mayar shataletale. Jimillar haɗurra ta ragu da kusan kashi 38 cikin 100, masu jawo rauni sun ragu da kashi 76, masu kisa ko nakasawa kuma da kusan kashi 90. Alƙaluman da hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ke aiki da su sun yi kusa da haka: raguwar kashi 82 na haɗurran mutuwa da rauni inda a da alamar tsayawa ce a ƙaramin titi, da kashi 78 inda a da danja ce.

Mai karatu ya lura da kyau: ba a ce haɗari ya ƙare ba. Har yanzu ana fasa fitila, ana goge fenti, a manyan shataletale masu layi biyu ko uku ma irin waɗannan ƙananan karo kan ƙaru a farko. Abin da ke raguwa sosai shi ne wanda ake kai mutum asibiti ko makabarta. Mota ana kai ta wurin mai gyara, rai kuwa ba shi da kanikanci.

Yadda ake gina shi

A farkon shekarun aikina an tura ni wata mararraba a bayan gari, inda ƙaramin titin ƙauye ya ratsa babbar hanya. Abin da na fara gani shi ne furanni ɗaure a jikin turken alama, wanda a ƙasar nan yake nuna wani ya rasu a wurin. Da na zauna da bayanan 'yan sanda sai na ga labarin kusan iri ɗaya ne: mai fitowa daga ƙaramin titi ya gaji da jira, ya hango mota daga nesa, ya ɗauka zai wuce kafin ta iso. An riga an ƙara alamu, an sake fenti, an sare shingen da ke tare gani, duk a banza, domin gudun babbar hanyar bai ragu ba. A taron da muka yi da mutanen ƙauyen danja suka nema, wani dattijo ma ya ce mini shataletale zai hana taraktarsa wucewa. Sai da muka shimfiɗa masa zanen, ya ga inda tayar tirelarsa za ta bi, sa'annan ya sauko. Matakan da muka bi su ne ake bi kusan ko'ina.

Da farko ana tattara bayanan haɗurra na shekara uku zuwa biyar, a ga irinsu da lokacinsu. Ana ƙirga motocin da ke shigowa ta kowace kusurwa da inda suke nufa, musamman safe da yamma, har da masu keke da masu tafiya a ƙasa. Safiyo ya auna filin, a gano inda bututun ruwa da na gas da wayoyin lantarki suke binne, domin kawar da su sau da yawa shi ke cin kuɗi da lokaci fiye da zuba kwalta.

Daga nan sai zane. A ma'aunin Amurka, shataletale mai layi ɗaya faɗinsa daga baki zuwa baki yakan kama daga mita 27 zuwa 55, kuma yana iya ɗaukar motoci har wajen 25,000 a rana. Mai zane yana neman hanya mafi miƙewa da direba mai ganganci zai iya bi ta ciki, ya lissafa gudun da za ta ba shi, idan ya yi yawa ya ƙara lanƙwasa mashigar. A kowace mashiga ana sa ɗan tsibiri mai raba masu shiga da masu fita. Kewaye da babban tsibirin kuma ana yin wani ɗan dakali mai gangara da tubali ko kankare, wanda tayoyin bayan tirela da bas za su iya hawa, amma ƙaramar mota ba za ta ji daɗin hawansa ba. Ana ɗaga tsakiyar tsibirin ko a yi shuka a kai domin direba ya hango shi daga nesa. Ana karkata kwaltar kaɗan domin ruwan sama ya gangara magudana, a sa fitilun titi, domin shataletalen da ba a gani da dare shi kansa tarko ne.

A Birtaniya wasu injiniyoyi dabam, waɗanda ba su da hannu a zanen, suna duba shi da idon neman aibi kafin a fara gini, su sake dubawa idan an gama, sa'annan a waiwayi bayanan haɗurra bayan an yi shekara ana amfani da shi. Ginin kansa yawanci rabi-rabi ake yi domin kada a rufe hanya ɗungurungum, wanda shi ne ke kawo cunkoson da ɗan uwan nan yake kuka da shi. Ƙin abin da farko ba sabon abu ba ne. A wani bincike da cibiyar inshorar nan ta yi a garuruwa uku na Amurka, kashi 31 na direbobi ne suka goyi baya kafin a gina, bayan an buɗe suka koma kashi 63.

Inda bai dace ba

Gaskiya ita ce shataletale ba maganin kowace mahaɗa ba ne. Yana cin fili a kusurwoyi, kuma a tsakiyar tsohon gari hakan na nufin rushe gidaje. Idan titi ɗaya ya rinjayi sauran da yawan motoci, na ƙaramin titi zai daɗe bai samu shiga ba, shi ya sa za ka ga an sa danja a wasu manyan shataletale na Ingila. Idan kuma motoci suka fi ƙarfinsa baki ɗaya sai a koma gadar sama, kamar yadda aka yi a Kwame Nkrumah Circle na birnin Akra a 2016, da shataletalen Dangi a Kano.

Makafi suna shan wahalarsa, domin da kunne suke gane lokacin da motoci suka tsaya, a shataletale kuwa ƙarar ba ta yankewa. Masu keke da babur ma ba su samun kariya kamar na cikin mota, musamman a mai layi da yawa. Mutanen Holan sun magance wannan da keɓe wa keke hanyarsa a kewaye, kuma a 2020 aka buɗe irin wannan na farko a Birtaniya a titin Fendon na garin Cambridge.

Amma yana da wata fa'ida da duk wanda ya taso a gida zai gane: ba ruwansa da ɗauke wuta. Danja idan ta mutu mahaɗa ta koma ta mai ƙarfi, shataletale kuwa yana nan yana aikinsa dare da rana.

Yadda ake bin sa

Abu na farko shi ne sanin hannun ƙasar da kake. Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, Gana a 1974, kuma haka ake yi a Nijar, Kamaru, Cadi, Sudan, Saudiyya, Faransa da Amurka. A waɗannan ƙasashe tsibirin yana hagunka, kuma hagu za ka duba kafin ka shiga. A Birtaniya, Ailan, Afirka ta Kudu da Malesiya tsibirin yana damanka, dama za ka duba. Ni kaina a makon farko da na fara tuƙi a Ingila wuyana hagu ya juya bisa sabo, na ga fili na saki birki, sai ƙarar hon na ji daga dama. Allah ne ya kiyaye. Haka kuma wanda ya daɗe a nan ya je hutu gida, ya yi hattara da kwanakin farko.

Ka rage gudu tun daga nesa, ka karanta allon, ka zaɓi layinka kafin ka isa. A Birtaniya, mai fita ta farko ya kama layin hagu da siginar hagu. Mai zuwa dama ko mai komowa ya kama layin dama da siginar dama. Mai miƙewa ba ya bukatar sigina wajen shiga. Kowa kuma zai kunna siginar hagu da zarar ya wuce mafitar da ke kafin tasa. Idan kibiyoyin da ke kan kwalta sun nuna wani abu dabam, su za a bi. Tun gyaran dokokin hanya na Janairun 2022, an jaddada cewa direba ya ba mai keke fifiko a cikin shataletale, kada ya yi yunƙurin wuce shi a cikin layinsa.

Idan ka wuce mafitarka, kada ka ja birki, kada ka yi ribas. Sake kewayowa, ba kuɗi ake biya ba. Kada ka jera da tirela ko bas a ciki, domin bayanta yana shara. Idan motar asibiti ko ta kashe gobara ta taho kana ciki, ka fita tukuna sa'annan ka raɓe. Waɗanda ke Faransa su sani cewa inda babu alamar ba da hanya a mashiga, kamar dandalin Etoile, har yanzu mai shigowa daga dama ne ke da hanya.

Iyaye su koya wa yara cewa ba a ratsawa ta tsakiyar tsibiri. Wurin tsallakawa yana ɗan baya da bakin da'irar, kamar tsawon mota ɗaya. Yaro ya tsallaka rabin farko, ya tsaya a ɗan tsibirin da ke raba hanya, ya duba ɗaya ɓangaren, sa'annan ya ƙarasa. Ya fi kyau uba ko uwa su bi hanyar makaranta da shi a ƙafa sau biyu ko uku kafin a bar shi shi kaɗai.

Idan akwai muguwar mararraba a unguwarku

Da yawanmu muna ganin baƙo ba shi da bakin magana a kan irin wannan, alhali muna biyan haraji kamar kowa. A Birtaniya, sashe na 39 na dokar zirga-zirgar hanya ta 1988 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin binciken haɗurran da ke faruwa a titunansu da ɗaukar matakin rage su. Ku rubuta wa kansilanku da sashen hanyoyi na hukumar. Ku faɗi ranaku da lokutan abin da kuka gani da idonku, ku haɗa da hotuna, ku nemi sa hannun makwabta da shugaban makaranta. A Amurka a fara gano ko titin na gari ne, na gunduma, ko na jiha, domin kowanne da ofishinsa. Shawarata ita ce kada ku ce lallai sai an yi muku abu kaza; ku bayyana matsalar, ku nemi a aiko injiniya ya yi nazari, kuma a ba ku amsa a rubuce. Idan aka kira taron jin ra'ayi ku halarta, ku tambayi inda yara za su tsallaka da gudun da aka tsara wa mashigar. Rigakafi ya fi magani.

Shi kuma ɗan uwana mai ƙorafi, na roƙe shi ya yi haƙuri da ƙurar 'yan watannin nan, idan an buɗe mu je tare da yaran mu gwada tsallakawa. Duk mai tambaya a kan wata mahaɗa ta garinsu yana iya aiko ta ta hannun sakataren ƙungiya, zan amsa gwargwadon sanina.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalam.